Yadda za ka saurari labarin tattalin arziki ka gane ko zai taɓa tiyarka a Damagaram

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutun na daɗe ina son in yi shi, saboda abin da nake gani kullum a fadarmu in an zauna shan shayi bayan isha'i, wani zai ciro waya ya kunna murya ta WhatsApp, wani mutum da ba wanda ya san fuskarshi yana ta rantsuwa wai gobe za a canza kuɗi ko za a rufe iyaka ko buhun hatsi zai ninka, kafin a sha kofi na biyu rabin fadar hankali ya tashi, washegari wani ya je ya saida abin da bai kamata ya saida ba. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro kaya Kano ina kawowa nan Dole, kuma na ci wuya kafin in koyi sauraren irin waɗannan labarai. Abin da na koya shi zan faɗa muku yadda nake yinshi.

Abu na farko, ka sayi kaye ɗan ƙarami da biro. Da gaske nake. Duk ranar Alhamis, tunda ita ce babbar ranar kasuwa a garin nan, ka rubuta kwanan wata sannan ka rubuta farashin abu biyar: tiyar hatsi, tiyar wake, buhun shinkafa, litar esansi wurin ƴan ruwa-ruwa, da canjin jika ɗaya ta sefa zuwa naira. Layi ɗaya ne kawai, minti biyu bai kai ba. In kana da hali ka ƙara da kuɗin tunkiya ko ɗan akuya matsakaici. Sharaɗin shi ne ka riƙa tambayar mutum ɗaya ko rumfa ɗaya kullum, don tiyar wani ta fi ta wani tozo, in kana yawo rumfa rumfa lissafin zai ruɗe ka ɗauka farashi ne ya motsa alhali hannun mai awo ne ya bambanta. Wata uku in ka yi kana wannan, wallahi za ka fi masu yawan surutu a Facebook sanin inda kasuwa ta nufa, saboda kai kana da abin da za ka gwada maganarsu da shi. Akwai hukumar SIMA da ke bin farashin cimaka a kasuwannin ƙasar nan, akwai kuma INS mai ƙididdiga, in ka samu rahotonsu ka duba ka kwatanta da naka, amma naka kayen shi ne na kusa da tukunyarka.

Yanzu mu zo kan canji, don nan ne mutanenmu suka fi asara kuma nan zan fi daɗewa.

Ka fara riƙe wannan a kai: sefa ba ta yawo ita kaɗai, an ɗaure ta ne da kuɗin Turai wato yuro, yuro ɗaya sefa 655,957 wato 656 in ka cike, kuma haka yake tun 1999 bai motsa ba. Babban bankinmu BCEAO, wanda hedikwatarshi ke Dakar kuma yana da reshe a nan Damagaram, shi ke buga ta wa ƙasashe 8 na UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. To ita naira ba haka take ba, tun watan Yuni na 2023 da gwamnatin Tinubu ta sake ta ta bar kasuwa ta yanke mata daraja, dalar Amurka da ake saidawa kusan naira 460 a farashin gwamnati ta yi ta hawa har ta wuce 1.500 a farkon 2024. Ma'ana in ka ga canji ya motsa a bakin kasuwa, yawanci ba sefa ce ta yi wani abu ba, ko dai naira ce ta faɗi ko ta farfaɗo gaban dalar Amurka, ko kuma yuro ne ya hau ko ya sauka.

Ga yadda za ka yi lissafin da kanka kafin ka je wurin ɗan canji. Ka duba a waya dalar Amurka nawa take a sefa yau, sannan nawa take a naira a kasuwar Wapa ta Kano ko inda kake da ɗan uwa da zai faɗa maka gaskiya. A ce dala ɗaya ta Amurka sefa 600 ce, a naira kuma 1.500. Sai ka raba 1.500 da 600, ya ba ka 2,5. Ka ninka da dubu, jika ɗaya ta zama naira 2.500 kenan. Wannan misali ne na ba ka don ka ga hanyar, kai ka sa lambobin ranar da kake ciki. In ɗan canji ya ce maka 2.450, ba laifi, shi ma abincinshi yake nema kuma yana ɗaukar kasada. In ya ce 2.200 to ka yi mishi sallama ka ƙara gaba. Kuma ka tambaya ko farashin na tsabar kuɗi ne ko na turawa ta asusun banki, don sau da yawa ba ɗaya ba ne, an ga haka ƙarara a farkon 2023 bayan da Najeriya ta sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1.000, tsabar kuɗi ta yi wuya har mai takarda a hannu ya zama sarki, waɗanda suka tara tsofaffin takardu a gida nan Damagaram da Magarya suka shiga tashin hankali suna neman wanda zai karɓa ko da ragi.

Ni abin da ya same ni shi ya sa nake nanata wannan. Kafin babbar sallah ta 2023 na ba wani abokin hulɗa a Kano kaya bashi, muka yi magana a kan naira dubu 500, a lokacin jika tana wajen naira 1.250, kenan kuɗina jika 400. Sai ga juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, ciniki ya tsaya, shi ma bawan Allah bai samu ya biya ni ba sai cikin watan Fabrairu na 2024. Ya biya ni cif, ko kobo bai rage ba. Na kai wurin canji, jika ta kai wajen 2.500. Na tsaya ina kallon ɗan canjin yana ƙirgo min jika 200 yana jiƙa yatsa da miyau, na karɓa na sa aljihu, ƙafata ta yi nauyi har na kasa hawa kabu-kabu sai da na zauna kan benci na ɗan lokaci. Rabin jarina ya tafi kuma ba wanda ya cuce ni. Daga ranar, duk bashin da zai wuce sati biyu tsakanina da mutumin Najeriya, muna rubuta shi ne da sefa, ko mu ce za a biya da canjin ranar biya, a gaban shaida, kuma ina shawartar kowa ya yi haka, musamman masu kai dabbobi Maigatari ranar Alhamis da masu zuwa Mai'aduwa. In ka saida ragonka da naira, kar ka kwana da ita da yawa kana jiran ta tashi, ko ka juya ta kaya nan take ko ka canza. Amma fa ka lura, abin yana da fuska biyu, in naira ta faɗi mai saro kaya Kantin Kwari ko Singa yana jin daɗi na ɗan lokaci saboda jikarshi ta yi ƙarfi, sai dai kafin wata biyu ƴan Kano sun ƙara wa kayan kuɗi ribar ta narke, shi kuma makiyayi da manomin wake su ne ke kuka don mai sayensu ɗan Najeriya kuɗinshi ya yi rauni. Saboda haka in ka ji an ce naira ta faɗi, kafin ka yi murna ko baƙin ciki ka tambayi kanka, ni mai saye ne daga can ko mai saidawa can.

Abu na gaba shi ne tambayoyi uku da nake yi wa kowane labari kafin in motsa ko dala ɗaya. Wa ya sa hannu? Yaushe zai fara aiki? Ta wace hanya zai iso Damagaram?

Wa ya sa hannu, wato shin sanarwa ce daga taron majalisar ministoci ko ma'aikatar kasuwanci ko hukumar duwan, an karanta ta a Télé Sahel ko Voix du Sahel, ko kuwa wani ne kawai ya yi fashin baƙi. Fashin baƙi ba laifi ba ne, ni ma ina saurare, akwai masana na kirki a jami'ar André Salifou da ake gayyata gidajen rediyo kuma suna da amfani sosai, amma ra'ayi daban doka daban. Mai sharhi zai iya cewa ya kamata a yi kaza, wannan bai sa an yi ba. Ka ɗauki maganar sabon kuɗin AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen a watan Satumba na 2023, sun mai da shi tarayya a taron Yamai na watan Yuli 2024, kuma ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Gaskiya ne kuma shugabanni sun taɓo zancen kuɗi na kanmu. Amma fita daga CEDEAO ba fita daga UEMOA ba ce, ƙungiyoyi biyu ne daban, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Hotunan takardun kuɗi masu kyau da ake yawo da su a waya ba hujja ba ne, yaro mai kwamfuta zai zana su cikin awa ɗaya. Canza kuɗin ƙasa ba ya faruwa a ɓoye cikin dare, dole sai an yi doka, an sa wa'adi, an faɗi inda za a kai tsoho a karɓi sabo. Dattawanmu sun tuna Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada nan take, shi ya sa zancen kuɗi ke saurin tada musu hankali kuma suna da gaskiyarsu, amma maganin wannan tsoron shi ne kar ka tara duk dukiyarka a abu guda, wani a kuɗi, wani a hatsi, wani a dabba, ba wai ka ruga ka saida gona don muryar WhatsApp ba.

Yaushe zai fara aiki kuwa, wannan a bayyane yake, ka nemi ranar a cikin sanarwar, in babu rana to ka jira.

Tambaya ta uku ita ce mai daɗi, don ita ke koya maka tunani. Kowane mataki da aka ɗauka a Yamai ko Abuja yana da hanyar da yake bi kafin ya shigo gidanka, kai dai ka bi sawunshi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare a Najeriya. Mutum zai ce to mu ina ruwanmu, muna da SORAZ a nan kan hanyar Tanut, matatar da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20.000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Ai kuwa da ruwanmu, saboda shekara da shekaru rabin babura da motocin garin nan man kwalba suke sha wanda ake shigowa da shi daga Najeriya don ya fi na gidan mai araha. Da aka cire tallafin, man can ya yi tsada, ruwa-ruwa ya daina zama mai sauƙi, kowa ya juyo gidan mai. Sannan a watan Yuli 2024 gwamnatinmu ta rage kuɗin litar esansi zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618, talaka ya ji daɗi ba shakka, amma buƙata ta ƙaru a kan matata ɗaya, har ma mai ya fara sha'awar tsallakawa waje maimakon shigowa. A watan Maris 2025 kowa ya ga layukan da aka yi a gidajen mai. Wanda ya bi sawun labarin tun 2023 bai yi mamaki ba. Kuma daga mai sai kuɗin mota, daga kuɗin mota sai kuɗin buhu, mai kawo hatsi daga Bakin Birji ko Tanut ba zai ɗauki asarar a kanshi ba, a kan tiyarka zai ɗora.

Haka zancen iyakar Benin. Kafin 2023 yawancin kayan da ke zuwa mana daga teku ta tashar Kwatano suke bi su shigo ta Gaya. CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma ɓangaren Benin ya ci gaba da zama a rufe daga wajenmu, kaya suka koma bin Lome su ratsa Burkina da rakiyar sojoji, hanya ta yi tsawo, kwanaki suka ƙaru, sannan daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne kuma. To duk labarin da ya shafi wannan hanyar, ka san shinkafar waje da man girki da sukari da taliya yake magana, ba hatsi ba. Labarin bututun mai na Agadem zuwa Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2.000 da ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024, da labarin yuraniyom na Arlit da karɓe kamfanin Somaïr da gwamnati ta yi a 2025, waɗannan manya ne kuma suna da muhimmanci ga baitulmali, su ke nuna ko gwamnati za ta samu kuɗin albashi da na ayyuka, amma ba sa canza farashin tiya gobe da safe. Ka bi su don ka san ƙasarka, in kuma kana ba ma'aikata kaya bashi zuwa ƙarshen wata to ka bi su da kyau.

Kar ka manta da lokacin shekara, wannan kuskure ne da har masu ilimi ke yi. Hatsi yana sauka da kaka, Oktoba zuwa Disamba, ya fara hawa da bazara, ya kai ƙololuwa tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Wannan tun kakanni haka yake, ko wa ke mulki. Don haka in wani ya ce maka dubi yadda hatsi ya sauka saboda matakin gwamnati, ko dubi yadda ya hau saboda gazawar gwamnati, ka buɗe kayenka ka gwada watan nan da irin watan na bara, kar ka gwada Nuwamba da Yuli. A watan Oktoba 2024 an hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa waje in ba Mali da Burkina ba, farashi ya sauka, amma lokacin kaka ne kuma damina ta yi ruwa sosai a shekarar, kenan abu biyu ne suka haɗu. Ni a ganina matakin ya taimaki mai saye a birni, kuma ina cikin masu saye, amma ina da ƴan uwa manoma a wajen Matamai da suka saida amfaninsu da araha alhali taki da kuɗin ƙwadago ba su sauka ba, kuma duk sharhin da bai ambaci ɓangarorin nan biyu ba to rabin magana ya faɗa maka. Haka hana fitar da dabbobi da aka yi gab da layyar 2025, mai neman rago a gari ya samu sauƙi, wanda ya yi wata shida yana kiwo da dusa da harawa yana jiran ɗan Najeriya shi ya san abin da ya ji. In an fara saida cimaka da rahusa ta hannun OPVN, hukumar cimaka ta gwamnati, ka tambayi mai unguwarku rana da wuri da takardar da ake buƙata, ka je da kanka da wuri.

Sai maganar masu sharhin kansu. In mutum yana magana ka lura ko yana kawo lamba da rana da sunan hukuma, ko kuwa kalmomi masu zafi kawai yake jerawa. Ka lura ko ya taɓa cewa na yi kuskure. Akwai wanda komai gwamnati ta yi daidai ne a wurinshi, akwai wanda komai ta yi kuskure ne, dukkansu biyun ba za su taimake ka ka yanke shawarar sayen buhu goma ko biyar ba. Ni nakan saurari gidan rediyo na gwamnati don in ji ainihin sanarwar, in saurari masu zaman kansu irin su Anfani don in ji yadda mutane suka karɓe ta, sannan in kira mutum biyu, direban da ke bin hanyar Dan Barto zuwa Daura da wani dillali a Dawanau. Direba ba ya ƙarya a kan shingaye nawa ya tarar da nawa ya biya, don daga aljihunshi ya fita. In maganar waɗannan huɗun ta zo ɗaya, sai in motsa. In ta saɓa, sai in sayi rabin abin da na yi niyya in jira Alhamis mai zuwa.

Ga iyaye mata masu adashi da masu ƙosai da fura, ku ma wannan naku ne, ko ma ya fi zama naku. Hajiya, in kwasarki ta adashi za ta faɗo da kaka, ki sayi wake da hatsin sana'arki na wata uku ko huɗu lokacin, ki zuba waken a buhu mai leda biyu a ciki ki ɗaure bakin kowace da kyau don ƙwari, ki ɗora kan katako kar ya taɓa ƙasa. In kwasar da damina za ta zo, ki roƙi uwar adashi ta musanya miki da wata tun yanzu. Ki sa ɗanki ɗan lakwal ya riƙa rubuta miki farashin a kaye duk Alhamis, ya rubuta kwanan wata a gefen hagu, tiyar wake a tsakiya, litar man gyaɗa a dama.